Jinjina ga Leburorin Burj Khalifa

Duk wanda ya je Dubai saro kaya yakan ɗaga kai ya kalli Burj Khalifa mai tsawon mita 828, amma waɗanda suka fi cancantar jinjina su ne masu ɗaurin rodi, kafintoci da masu zuba kankare, galibinsu 'yan Indiya, Pakistan da Bangladesh. Tun 2004 suka fara da aikin da ido ba zai sake gani ba, wato ginshiƙai 192 da aka nutsa cikin ƙasa kusan mita 50. Da bazara sai dare suke zuba kankare, an haɗa shi da ƙanƙara, don kada zafi ya tsaga shi kafin ya kama.

Wani zai ce ai injiniya ne ya zana, inji ya ɗaga kaya. Haka ne, amma takarda ba ta murɗa waya a mahaɗar rodi, kuma injin da ya tura kankare sama da mita 600 bai san mazubi ya karkace ba. Idon ma'aikaci da hannunsa ne suka riƙa gyarawa, hawa bayan hawa, har aka buɗe ginin a Janairun 2010, alhali albashin yawancinsu bai taka kara ya karya ba.