Gidajen Jere na St. Louis da Haƙƙin Maƙwabtaka

Gidajen jere, wato gidajen da ake ginawa manne da juna a layi ɗaya har kowane gida ya yi tarayyar bango da maƙwabcinsa, suna daga cikin abubuwan da suka ba birnin St. Louis na jihar Missouri a Amurka kamanninsa. Bayan gobarar 1849 da ta cinye tsakiyar birnin, hukuma ta matsa a bar gini da katako, kuma da yake ƙasar wurin tana da yumɓu mai kyau, sai jan bulo ya zama kayan ginin mai kuɗi da talaka. Baƙi daga Jamus da Ayalan suka cika unguwanni irin su Soulard, yayin da attajirai suka kewaye dandalin Lafayette da benaye masu rufin mansard, salon Faransa da ke karkato da rufi ta gaba domin a sami ƙarin ɗaki a sama.

Wanda ya tsaya kusa da waɗannan gidaje zai ga taurarin ƙarfe a jikin bango, waɗanda ba don ado kaɗai aka sa su ba, domin kan sandunan ƙarfe ne da ke ɗaure bango da katakon daɓen bene. Zai kuma lura cewa kwaɓin da ke tsakanin bulo na farar ƙasa ne, mai taushi da ke barin danshi ya fita, shi ya sa maginin da ya cike gurbinsa da siminti yake jawo bulon ya farfashe. Wannan taushi ne kuma ya sa ɓarayi ke rusa kangaye, su kankare bulon cikin sauƙi, su sayar wa dillalai masu kai shi jihohin kudu.

Tun daga shekarun 1970 ake gyara irin waɗannan gidaje, aikin da ya ƙara ƙarfi bayan da jihar ta fara yafe harajin da ya kai kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gyara a 1998. Yunƙurin ya cancanci yabo, amma ribarsa ta fi zuwa kudancin birnin, alhali arewaci, inda yawancin mazauna baƙaƙen fata ne, ya ci gaba da zubewa. Birnin da ke da mutum sama da 850,000 a 1950 ya koma kimanin 300,000 a 2020, kuma ba a manta da unguwar Mill Creek Valley ba, wadda aka fara rusawa a 1959 aka tarwatsa mutum kusan 20,000.

Kuskuren da ya kamata a gyara shi ne ɗaukar kowane gida shi kaɗai, domin idan aka cire ɗaya daga jere, bangon tarayya mai bulo marar ƙwari yakan fuskanci ruwa da ƙanƙara, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka wajibi ne tallafi ya bi layi gaba ɗaya, ya fara da toshe rufin kangaye, ya kuma kai ga tsofaffin mazauna masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda zamansu ne ya hana sauran gidajen faɗuwa.