Shata a Ido, Shata a Takarda: Sharhi Kan Makaɗan da Aka Fi Gani

A wani zama da muka yi da 'yan'uwa marubuta bayan an tashi daga karatun waƙoƙi na wata-wata, hira ta kai mu ga wata tambaya da ban cika ganin manazartanmu sun ɗauke ta da muhimmanci ba. Tambayar kuwa ita ce, a cikin makaɗan Hausa, wane ne jama'a suka fi gani da idanunsu yana waƙa? Jin murya a rediyo ko a kaset daban yake. A nan ana maganar makaɗin da mutum ya tsaya a gabansa, ƙurar fili ta bule shi, kiɗa ya ratsa masa ƙirji. Dattawan cikinmu suka shiga lissafi da yatsu. Wannan ya ce ya ga Musa Ɗanƙwairo sau biyu, duka a lokacin salla. Wancan ya ce ya ga Ɗan Maraya Jos tun yana ɗalibi. Da aka zo kan marigayi Alhaji Mamman Shata kuwa sai yatsu suka ƙare, lissafi ya rikice. Matasan da ke wurin sai bin mu suke da ido, domin Shata ya rasu ne ranar 18 ga Yuni, 1999, lokacin da da yawansu ba a ma haife su ba.

Ba abin mamaki ba ne a ce Shata ne ya cinye wannan gasa, in aka dubi yadda ya yi rayuwarsa. An haife shi a Musawa a 1923, kuma bai gaji kiɗa ba, hasali ma tallan goro da alewa ya fara yi kasuwa-kasuwa, wato tun kafin ya zama makaɗi ya riga ya san inda mutane ke taruwa da abin da ke tsayar da su. Ya zauna a Bakori, sunansa ya ƙara fita a Kano a bikin 'yan sarki na 1952, daga baya ya mayar da Funtuwa gida, garin da ke kan mahaɗar hanyoyin mota da jirgin ƙasa. Daga nan har ƙarshen rayuwarsa a kan hanya yake. Gidan biki, filin wasa, otal, barikin soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ƙofar fada, zangon Hausawa a Ghana, garuruwan Nijar, duk ya buga kalangu a cikinsu. Yana da iyayen gida, har ma a Daura aka binne shi saboda kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, amma babu zauren da ya ɗaure shi. Wanda ya yi shekara sama da hamsin yana irin wannan yawo, dole direba da mahauci da akawu da ɗan sarki kowa ya ce ya taɓa ganinsa.

To, ka ɗauki Ibrahim Narambaɗa ka ajiye kusa da shi. Narambaɗa makaɗin fada ne, na Sarkin Gobir na Isa Amadu, da kotsonsa da 'yan amshinsa. Wanda bai je Isa ba, ko bai dace da wata tafiya da sarki ya fita da shi ba, sai dai ya ji shi ta Rediyon Kaduna. A zaman namu babu ko mutum ɗaya da ya taɓa sa shi a ido, amma kusan kowa ya haddace masa ɗa biyu ko uku. A nan ne abin da ya dame ni yake, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Makaɗin da ba mu gani ba shi ne ya fi kwanciya a takarda, wanda muka fi gani kuwa in aka kwantar da shi a takarda sai ya rame.

Alal misali, kowannensu yana da waƙar da ake kira Bakandamiya. Ka rubuta ta Narambaɗa layi-layi ka ba ɗalibi, zai kwana yana tono: ga karin magana, ga habaici mai lulluɓi, ga kalmomin Gobirci da sai an nemi tsoho ya warware. Waƙa ce da aka tsara a natse, aka bita da 'yan amshi har ta zauna, kafin a kai ta gaban sarki. Ka rubuta ta Shata kuma, tambayar farko da za ta tare ka ita ce, wacce daga ciki? Wadda ya yi a wannan gari ba ita ce ya yi a wancan ba. Gindin waƙar yana nan, amma 'ya'yanta suna sauyawa, wani ya shigo, wani ya fita, gwargwadon inda ya kwana jiya da waɗanda ke zaune a gabansa yau. Ɗalibin da ya sami kaset ɗaya ya juye shi a takarda ya ce ga Bakandamiyar Shata, kamar mutumin da ya ɗebo ruwa a ƙwarya ne ya ce ga Kogin Kaduna.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da ido ke gani, saboda matasanmu da ba su riski abin ba. Masu kalangu su ne ke fara buɗe fili, su kuma ne 'yan amshi, suna maimaita layi ɗaya tak. Wannan layi da manazarci ke gajiya da rubutawa, har ya koma sa “amshi” kawai a gefen shafi, shi ne numfashin Shata. A cikin 'yan daƙiƙun da suke karɓawa yake ɗaga kai ya dubi taro, ya ga wanda ya shigo, ya ga wanda ya miƙe zai yi kari, maroƙi ya matso ya sanar da sunan mutum da na ubansa da garinsu. Kafin amshi ya sauka ya riga ya ɗinka sunan a cikin karin waƙar, ba tare da kiɗa ya yi tuntuɓe ba. Mutumin da aka ambata sai ka ga ya rasa inda zai sa kansa, abokansa na dungurinsa, hannunsa na laluben aljihu. Wani lokaci kuma Shata ya yi shiru ya bar kalangu na magana, ya taka, ya juya babbar riga, taro ya ɗauki sowa. A kaset wannan wuri ihu ne kawai da ba ka san dalilinsa ba. A takarda kuwa babu shi sam.

Saboda haka idan na karanta kundin digiri na ga an jera turke da tubalan gininsa da salon sarrafa harshe, an ƙirga kamance da siffantawa a waƙar Shata, sai in ji kamar ana auna hatsi da kamu. Ban raina wannan hanya ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa fagen babban aiki da ya shimfiɗa matakan nazarin waƙar baka, kuma a cikin matakan nan har da neman sanin wurin da aka yi waƙa da lokacinta da wanda aka yi wa. Sai dai masu bin sawu sukan cike wannan gurbi da layi biyu su ruga zuwa ƙirgar adon harshe, domin shi ne ake iya yi a ɗaki da rikoda. Dandatti Abdulkadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, tun makaɗin na tsakiyar ƙarfinsa, ana iya zuwa a kalle shi. Littafin Shata Ikon Allah na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006, ya tsamo tarihin mutumin daga bakin waɗanda suka zauna da shi. Abin da har yanzu nake ƙishirwar gani shi ne rubutun 'yan kallo, wato wanda zai ɗauki dare ɗaya na wasa ya ba mu shi daga saukar makaɗa daga mota har zuwa nannaɗe tabarmi. Wannan aikin marubuta ne, mu masu da'awar iya siffanta abu, kuma shaidun suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa duk abin da Shata ya faɗa zinari ne. Yawan fita fili yana da nasa haraji. Akwai waƙoƙinsa da in ka cire sunayen masu kari da garuruwan da ya ratsa, abin da zai saura bai cika tafin hannu ba. Akwai jimlolin da yake jan su daga wannan waƙa zuwa waccan kamar guzuri. Ya yabi mutanen da kuɗinsu kaɗai ya kai su bakinsa, ya kuma yi zambon da ya fi ƙarfin laifin. Mai yin waƙa kusan kullum ba ya samun sukunin tace ta kamar mai jiran salla. Duk da haka mutumin nan ne ya waƙe kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969, ya kawo wa manomin ƙauye labarin cikin harshen da zai gane, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. In za a yi masa hukunci, a yi masa a filinsa.

Wata 'yar'uwa marubuciya da ke wurin ta bari sai da muka gama cika baki, sannan ta ce lissafin maza muka yi. Gaskiyarta. Matan da ke cikin kulle ba su je otal sun ga Shata ba, amma Hajiya Barmani Choge, wadda ita ma 'yar Funtuwa ce, ta same su har tsakar gida da ƙwaryarta, a biki da suna, shekara da shekaru har rasuwarta a 2013. Kafin ita akwai Uwaliya Mai Amada. Idan da za a tambayi iyayenmu mata, mai yiwuwa ne amsar ta sauya baki ɗaya. Kuma matsalar takarda ta fi tsanani a nan, domin amada rabinta rawa ce da shewa da guɗa da habaicin da kowa a gidan ya san kishiyar da aka nufa, in ban da namijin da zai zo daga baya ya rubuta.

Haka abin yake ga Ɗan Anace. Masu bin dambe bayan kaka sun gan shi ba adadi, kuma waƙarsa ta Shago a gaban Shago take da cikakken rai, lokacin da ake zuga shi ya fito, tsuma ta kama shi. Ɗan Maraya ne kaɗai a cikin waɗanda aka fi gani nake jin takarda ba ta cuce shi sosai ba. Shi kaɗai yake tafe da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshin da zai jingina da su, saboda haka dole ya gina labari mai kai da gindi, kamar yadda ya yi wa karen mota da ma'aurata. Ko shi ɗin ma, wanda bai ga yadda yake sauya fuska da murya in ya koma matar gida ba ya yi asarar wani abu. Ya rasu a 2015.

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana cikin mujallarmu shi ne irin waƙoƙin da sababbin marubuta ke kawowa wurin karatu. Da yawa suna kwaikwayon tsarin Shata a rubuce: layi ɗaya a maimaita sau ashirin, a jero sunayen mutane da garuruwa, a ce an yi waƙa. Sun ɗauki abin da kalangu da taro ke riƙe da shi sun ajiye a farar takarda, inda babu mai amsawa. Aƙilu Aliyu ma yakan rera waƙoƙinsa a gaban jama'a, amma ya riga ya ɗaure su da ƙafiya da ma'auni ta yadda ko ba ya nan za su tsaya da ƙafarsu. Su kuma matasan suna da uzuri, domin abin da suka tashi suka tarar a wurin biki shi ne mawaƙi ya hau dandamali, a saki waƙar da aka riga aka naɗa a situdiyo, shi kuma yana bin ta da baki ana yi masa liƙi. Ko sau goma ka gan shi, waƙa ɗaya ka ji, ba ƙari ba ragi.

Kafin mu watse na tambayi dattijon da yatsunsa suka ƙare ko wace waƙa ya fi tunawa a cikin duk ganin da ya yi wa Shata. Ya yi shiru, ya ce shi ba waƙa yake tunawa ba. Wani dare yake tunawa da wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, lasifika ta mutu, direbobi suka juyo da motocinsu suka haska fili, kalangu bai tsaya ba. Na ce, “Baba, ka rubuta mana wannan mana.” Ya ce ai shi a ganinsa wannan ba adabi ba ne, hira ce.