Goron Sallah da Jar Ambulan: Inda Ɗan Shekara Huɗu Ke Sanin Danginsa

A watan Disambar 2024, a birnin Asunshiyon na ƙasar Faragwai, hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano da Bikin Bazara na Sinawa cikin jerin al'adun gado na duniya, a zama guda. Manya suka yi ta murna da dawaki da algaita. Amma a tambayi ɗan shekara huɗu a Unguwar Rimi ko Kawo a Kaduna mece ce Sallah, ba doki zai ambata ba. Zai nuna sabon takalmin da ke cin ƙafarsa, da 'yar takardar kuɗin da ya dunƙule a hannu har ta jiƙe da gumi. Takwaransa na ƙasar Sin ma jar ambulan zai ɗaga.

Bikin na Sinawa yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, gwargwadon lissafin wata, ana kuma rufe shi a rana ta 15 da kunna fitilu. A cikinsa ake ba yara hongbao, wato jar ambulan mai sababbin kuɗi. Ba a miƙa ta haka kawai. Sai yaro ya tsaya gaban babba, ya kira shi da sunan dangantakarsu, ya yi masa fatan alherin sabuwar shekara, ya karɓa da hannu biyu, kuma ba ya buɗewa a gaban mai bayarwa. Ana gudun adadi mai 4 saboda furucinsa ya yi kama da na kalmar mutuwa, ana son mai 8.

Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan. Bayan saukowa daga idi, ana jera yara da lalle da kitso, babbar yaya a gaba, ƙarami a goye, a shiga yawon Sallah. A ƙofar ɗaki a cire takalmi, a durƙusa, a ce barka da Sallah, a karɓa da hannun dama. Wanda ya miƙo hagu, nan take za a doke hannun. Kaka kuwa sai ta ja wa jikanta rai, ta ce maigidan nata bai kawo cefane ba, da wane ido zai karɓi goro? Yaron ya ɓata fuska, ɗaki ya ɗauki dariya, sannan ta kwance bakin zane. A 'yan mintocin nan ya koyi gaisuwa, ya koyi wasan jika da kaka, ya kuma gane gwaggo daban, inna daban, baffa ba kawu ba ne. Harshen Sinanci shi ma yana rarrabe dangin uwa da na uba da sunaye mabambanta, shi ya sa kiran suna daidai ya zama rabin aikin yaron can.

Ko ƙarshen labarin iri ɗaya ne. "Kawo in ajiye maka," in ji uwa, a Badarawa da Beijin. Mai rabo ne kuɗinsa ke isa asusu.

Kaduna tana da nata yanayin. Gari ne da Turawan mulkin mallaka suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan Zungeru, ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa suka cika shi daga ko'ina. Gidaje da yawa a Malali da Unguwar Dosa kakanninsu suna Zariya, Katsina ko Kano. Masu hali suna ɗibar yara su tafi gida Sallah. Waɗanda suka zauna, maƙwabta ne ke zama dangi: tsohuwar gidan da ke kallon nasu ita ce kaka, abokin aikin uba shi ne baffa. Sai dai tsoron satar yara da dogayen katangu masu maigadi sun taƙaita yawon. Iyaye da dama sun gwammace su zuba yaran a mota, a zaga gida biyu ko uku, a ƙare a Gamji Gate a bakin kogi, a hau lilo a sha askirim.

Makarantun nazare sun yi ƙoƙarin cike gurbin da ranar al'adu. A naɗa wa yaro rawani, a ɗora wa yarinya ƙwarya, a ɗauki hoto a tura wa iyaye. Abin yana da kyaun gani, amma sutura ce kawai ake nunawa. A ajin da kowace mace Anti ce, kowane namiji Ankul, kalmomi biyu sun haɗiye gwaggo da inna da baffa da kawu. Malamar da ta zaunar da yara suka kwaikwayi shiga gaida kaka, da sallama da durƙuso da amsa, ta fi mai ɗinka musu kayan sarauta kusa da ainihin abin.

Waya ma ta shigo. A 2014 manhajar WeChat ta fito da jar ambulan ta intanet, Sinawa suka rungume ta, har kawun da ke wani lardi yana iya sallamar yara ba tare da ya ga fuskarsu ba. A Kaduna ma goron Sallah ya fara zuwa ta tiransifa, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Kuɗin sun fi yawa, ba sa ɓata a hanya, amma a wayar uwa suke sauka. Wasu iyayen sun samo dabara: da alat ya shigo, sai a kira baffan ta bidiyo, a sa yaron ya durƙusa a gaban waya ya gaishe shi da sunan da ya dace, sannan uwa ta zaro naira 200 daga jaka ta damƙa masa a hannun dama.