Jaraba, Sha'awa da Lalacewa: Nazarin Aikatau a Waƙoƙin Soyayya na Zamani a Yankin Cadawa

1. Gabatarwa

Cadawa gari ne da ke bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Maraɗi da Agye. Waƙoƙin da matasa suke saurare a tasharsa, da kasuwarsa, da wuraren fada inda samari ke shan shayi, akasarinsu daga Kano suke fitowa. A da ƴan cirani ne ke kawo su cikin kaset, yau kuwa ta wayar salula suke yawo, har zuwa ƙauyukan Gazawa da Gidan Rumji. Jigon da ya fi yawa a cikinsu shi ne so, tare da abokan tafiyarsa, wato sha'awa, da jaraba, da ɓacin tarbiyya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hukuncin da waƙoƙin ke yankewa tsakanin saurayi da budurwa a cikin ginin jimla yake ɓoye, kuma ya kamata masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su san da shi. Misalan da za a kawo jimlolin maganar yau da kullum ne, irin waɗanda mawaƙa ke gina baitocinsu a kai.

2. Kalmomin jigo

Kalmomin sun kasu gida biyu. So da kwaɗayi na Hausa ne tun asali. Sha'awa, da fitina, da jaraba kuwa aro ne daga Larabci, kuma sun shigo da nauyin wa'azi a tare da su. Jaraba tushenta ɗaya da jarrabawa, wato gwaji, amma a bakin Bahaushe ta koma nufin kwaɗayin da ya fi ƙarfin mai shi. Saboda haka da mawaƙi ya kira son da yake yi jaraba, ya riga ya nemi uzuri, domin wanda aka jarrabta abin tausayi ne.

Abin da Faransanci ke kira innocence ba shi da kalma guda a Hausa. An rarraba ma'anarsa tsakanin ƙuruciya, da kunya, da budurci, da rashin sanin duniya. Biyu daga cikin waɗannan, wato kunya da budurci, a wuyan ƴa mace al'ada ta fi rataya su. Don haka rashinsu ma a kanta ake lissafa shi.

3. Aikau da karɓau

Tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960 yana taimakawa a nan. A dubi waɗannan jimloli:

(1) So ya kama shi.
(2) Ya kamu da sonta.
(3) Ta ruɗa shi.
(4) Ta lalace.
(5) An lalata ta.
(6) Ya lalata ta.

A (1) so ne aikau, saurayi kuwa karɓau ne. A (2) an yi amfani da aji na 7, mai ƙarewa da -u, wanda ke nuna abin da ya auka wa mutum, kamar yadda ake cewa ya kamu da zazzaɓi. A (3) budurwa ce aikau. Ke nan a matakin sha'awa namiji majinyaci ne, mace kuwa ita ce sanadin cutar.

Idan aka zo matakin ɓarna sai lissafin ya sake. Lalace aji na 4 ne, kuma a (4) ƙi-karɓau ne, ba ya bukatar a ambaci wanda ya yi aikin, tamkar yadda ake cewa tumatir ya lalace. A (5) an yarda akwai mai laifi, amma wakilin suna an ya lulluɓe shi. Jimla ta (6) kaɗai ke nuna shi da yatsa, kuma ita ce waƙoƙin gargaɗi suka fi kauce wa. Irin wannan bambanci ne ke tsakanin ta yi ciki, da an yi mata ciki, da ya yi mata ciki. Nahawu ya ba da hanya uku, zaɓin kuwa na mawaƙi ne.

4. Asalin salon

Wannan salo ya girmi fiyano da situdiyo. Rubutattun waƙoƙin wa'azi sun daɗe suna ɗora fitina a kan mace mai zaman kanta, kamar waƙar Karuwa ta Mu'azu Haɗeja, da Ƴar Gagara ta Aƙilu Aliyu da ke cikin Fasaha Aƙiliya. Waƙoƙin finafinan Kano, waɗanda suka bunƙasa bayan fim ɗin Sangaya na 1999, sun ɗauko tsarin amshi tsakanin saurayi da budurwa daga finafinan Indiya, amma ginin jimlar sun gaje shi daga gida. Bayan kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, mawaƙa sun ƙara fakewa da sakaya zance, sai kwatance da furanni da zuma da ƴaƴan itace suka yawaita. A irin wannan kwatance budurwa abin tsinka ce, hannun da ya tsinka kuwa ba a ganinsa.

Rabon laifin bai tsaya ga waƙa ba. A tarzomar Maraɗi ta Nuwamba 2000, wadda ta tashi kan bikin nunin tufafi na FIMA, gidajen mata masu zaman kansu na cikin wuraren da aka far wa. A 2016 kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ. A duka biyun a kan mace hukunci ya fi sauka.

Sai dai akwai wani reshe da ya saɓa. A waƙoƙin niƙa da na daɓe, da kiɗan amada irin na Barmani Coge wadda ta rasu a 2013, mace ce aikau: ita ke kama sana'a, ita ke habaici, ita ke auna halin miji da na kishiya. Wannan ya tabbatar da cewa harshen Hausa bai tilasta wa kowa jimla ta (4) ba.

5. Abin lura ga masu tsara karatun manya

Amfani da waƙoƙin zamani a ajin yaƙi da jahilci dabara ce mai ma'ana, domin ɗalibi ya fi saurin karanta abin da kunnensa ya riga ya haddace. Amma akwai tarko. Idan aka ce saurayin da ya dawo daga cirani idonsa ya buɗe, yabo ne. Idan aka faɗi haka ga budurwa, zargi ne. To, da wannan kalma ta buɗe ido ake tallata karatu a ƙauyuka. Uban da ya saba jin ma'anarta ta biyu a waƙa yana iya fahimtar kiran ma'aikaci a baibai, ya hana ƴarsa zuwa aji. Batun ba ƙarami ba ne a ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 bisa 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18.

6. Kammalawa

Shawara uku ke fitowa daga wannan nazari. Ta farko, a tattara waƙoƙin da ake saurare a yankin, a rubuta su bisa ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999, a ƙidaya nau'o'in aikatau da ke cikinsu. Ta biyu, a sanya waƙoƙin mata na gargajiya kusa da na situdiyo a littafi guda. Ta uku, a ƙara aikin juya jimla a ƙarshen kowane darasi, inda za a ba ɗalibai jimla irin ta (4), a bukace su su mayar da ita irin ta (6), sannan su tattauna abin da ya canza.