A Tambayi Kaka Kafin a Shafa wa Hoto Launi

Tsofaffin hotunan baƙi-da-fari da ake shafa wa launi sun cika intanet, kuma cikin waɗanda suka fi ɗaukar hankali akwai na karayar tattalin arzikin Amurka da ta biyo bayan rushewar kasuwar hannun jari a Oktoban 1929. Ya zuwa 1933, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar na zaman kashe wando. Hoton da ya fi shahara shi ne wanda Dorothea Lange ta ɗauka a 1936 a Nipomo, jihar Kalifoniya: Florence Owens Thompson, mai shekara 32, ta yi tagumi, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta, jariri na cinyarta. An sha yi masa launi, kowa da kalar rigar da yake sa mata. A ganina nan matsalar take. Launin hasashe ne, amma ana yaɗa shi tamkar shaida.

Fim ɗin baƙi-da-fari ƙarfin haske kawai yake kamawa, shi ya sa ja da kore kan iya fitowa da duhu iri ɗaya. Manhajar da ke sa launi ta yi karatunta ne a kan miliyoyin hotuna masu launi, sai ta zaɓi abin da ta fi yawan gani. Sau da yawa takan goge fata ta yi sumul, ta dumama haske, har talauci ya koma abin sha'awa. Dubi rigunan buhun fulawa. A shekarun 1930, matan karkarar Amurka na farke buhu su ɗinka wa 'ya'yansu riga, har kamfanoni suka soma buga furanni a jikin buhunan don jan masu saye. Yarinyar da ta je makaranta da irin rigar ta san kalarta, ta san ko an yi mata dariya, ta kuma ba jikokinta labari. Ranar da manhaja ta mai da rigar shuɗiya alhali rawaya ce, jikan zai fi gaskata wayarsa, domin ido ya fi kunne saurin yarda.

Masu goyon baya suna cewa launi na kusantar da matasa ga tarihi, su gane cewa mutane ne irinsu suka sha wannan wuya. Gaskiya ne, kuma fim ɗin Peter Jackson na 2018 kan sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna hakan. Akwai ƙwararru irin Marina Amaral ta Brazil da ke bincike kafin su taɓa hoto. Amma binciken da ke gano kalar kakin soja ba zai gano kalar zanen matalauciya ba, don babu ofishin da ya rubuta shi. Kuma wanda ya saba gyara hoto, hannunsa kan zarce: a 2021 mujallar Vice ta janye hotunan fursunonin kurkukun Tuol Sleng na Kambodiya, bayan an gano mai launin ya ƙara wa wasu murmushi. Mai son ganin ainihin kalar ƙarshen wancan zamani ma ba ya buƙatar hasashe, tunda ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na ajiye da hotuna masu launi kusan 1,600 da masu ɗaukar hoton gwamnati suka ɗauka tsakanin 1939 da 1944.

Ban ce a daina ba. A rubuta a jikin hoton cewa launin ƙari ne, a ajiye na asali a gefensa. Manhajojin nan suna cikin wayoyinmu mu ma, kuma waɗanda suka ga farin 1973 suna raye a gidajenmu. Idan kana da hoton wancan lokaci, kai wa dattijon gidanku ya faɗa maka su wane ne a ciki, me suka sa, me suka ci a shekarar, ka rubuta kafin ka miƙa wa na'ura.