Ina Ciyaman a Cikin Littattafanmu?

Akwai wani mutum da marubutanmu na Hausa suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, alhali kuwa shi ne hukumar da ta fi kusa da ƙofar gidan talaka. Wannan mutum shi ne shugaban ƙaramar hukuma, wato ciyaman, tare da kansilolinsa.

Ba wai ba ya fitowa a labaranmu ba ne. Yana fitowa, amma dubi irin shigar da ake yi masa: babbar riga, ƙaton tumbi, doguwar mota, ya zo neman auren yarinyar da wani matashi talaka yake so. Da an kashe rigimar auren, shi ke nan an sallame shi. Ba a shiga da mu ofishinsa, ba a nuna mana takarda ɗaya da ya sa wa hannu, balle mu ji wani ya tsare shi da tambayar inda kuɗin rufin makarantar firamare ya shige. Da za a goge kalmar ciyaman a rubuta dillalin filaye, babu abin da zai motsa a labarin. A ganinmu wannan rauni ne na rubutu tun kafin a zo maganar kishin jama'a, domin marubucin ya ɗauko mutum bai san sana'arsa ba.

Magabata ba haka suka yi ba. Mawaƙan zamanin NEPU irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun san En'e ciki da bai, sun san yadda haraji da jangali suke fita daga aljihun manomi da makiyayi, shi ya sa maganarsu ta yi nauyi, har aka zo 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Jihar Kano. Sulaiman Ibrahim Katsina ma, a cikin Turmin Danya (1982), ya nuna yadda mai kuɗi yake saye ma'aikatan hukuma. Daga baya sai idon marubuta ya koma sama. Ko shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, duk da ƙoƙarin da aka yi a cikinsa, kujerar gwamnan Alfawa ce ta fi ɗaukar hankalinsa.

To, mu da muke koyarwa a nan yammacin Kano ba mu da uzurin cewa abin ya yi mana nisa. Garo tana cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, kuma daga garin nan Murtala Sule Garo ya fito, wanda ya yi shugabancin Kabo, ya jagoranci ƙungiyar ciyamomin jihar, sannan ya riƙe kwamishinan ƙananan hukumomi a gwamnatin Ganduje. Ba yabo ko suka ya kawo mu ba. Abin nufi shi ne, duk matakan wannan tsani a gaban idonmu aka taka su, amma har yau labaran da 'yan uwa suke kawowa zaman karatu ba sa bambance aikin kansila da na ɗan majalisar jiha. Ɗalibanmu ma haka suke, in an ba su insha'i a kan matsalar ruwa sai su rubuta wa shugaban ƙasa.

Ga kaɗan daga abin da ya kamata mai son rubutu a kan wannan fage ya sani. Tun gyaran 1976 aka mai da ƙaramar hukuma mataki na uku na mulki. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora mata kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwata da kwashe shara da rajistar haihuwa, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma wannan tsarin dai shi ne ya kafa asusun haɗin gwiwa, inda kason ƙaramar hukuma yake fara sauka a hannun jiha. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, ta kuma haramta kantomomin riƙo. Sannan a duba zaɓe: a 2018 da 2021 APC ce ta kwashe kujerun ciyaman 44 na Kano, a Oktoban 2024 kuma NNPP ta kwashe su duka. Kowane karo, jam'iyyar da ke gidan gwamnati ce.

A nan gizo yake saƙar, kuma a nan labari mai daɗi yake kwance. Ga mutum da jama'a suke iya tsarewa a wurin jana'iza ko ƙofar masallacin Juma'a, amma ya san ba ƙuri'arsu kaɗai ta kai shi kujerar ba. In ya ce babu kuɗi, wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci kuma labule ne. Yaya dattawan gari za su gane wanne ne? Kansilan da ya yi alkawarin kwalbati, matarsa kuwa 'yar unguwar da ruwa yake ci ce, da wane ido zai shiga gidan surukansa da damina? Wannan ya fi alhajin mota nesa ba kusa ba.

Sai dai muna jan kunnen masu tasowa, zagi daban, suka daban. Kada a ɗauko sunan mutum mai rai a liƙa masa laifin da ba a tabbatar ba. A ƙirƙiri ƙaramar hukuma kamar yadda aka ƙirƙiri Alfawa, amma kafin nan a je sakatariya a Kabo ko Gwarzo a zauna a benci, a ga masu jiran ma'aji, a ji yadda masinja yake cewa mai gida yana Kano. A lura da sakataren ƙungiyar ci gaban gari da ya kawo takardar koke a kan famfon tuƙa-tuƙa karo na uku, a tambaye shi wa ya karɓi ta farko da ta biyu, kuma wane hatimi aka buga musu.