Batakarin da ba ya rausaya

A Yendi ta Arewacin Ghana, idan watan Rabi'ul Awwal ya kama aka fito bikin Damba a ƙofar fadar sarki Ya-Na, 'yan kallo ba su cika duban ƙafar mai rawa ba, rigarsa, wato batakari, suke kallo. Makaɗan lunga, ɗan'uwan kalangu, su matso suna yi masa kirari, shi kuma ya ɗan duƙa ya juya, sai gindin batakarinsa ya tashi ya buɗe, yana hawa yana sauka kamar igiyar ruwa a kogin Oti. Wannan motsi shi Bahaushe ke kira rausaya, kuma rabin daɗin Damba yana cikinsa.

Aikin hannu ne ke kawo ta. Masaƙi yana saƙa ƙyalle siriri, faɗinsa kamar tafin hannu. Maɗinki ya jera ya haɗa, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma ya riƙa ƙara wasu yana tattarewa har gindin ya yi faɗi sosai. Zaren auduga mai kauri ke ba rigar nauyi, nauyin kuma shi ke sa ta ɗan makara idan mai ita ya juya, ta biyo shi daga baya, ta ci gaba da kaɗawa bayan ya tsaya cak.

Yanzu yayi ya sauya. Daga Tamale har zangon Salaga da Bawku da Saboba, samari da yawa sun fi son wadda ta kama jiki, mara nauyi, ta zaren kanti, wadda za a sa a hau babur ko a shiga ofis. Ba a ga laifinsu ba: ta fi araha, ga zafin Arewa ba wasa ba. Fitar rigar daga filin rawa ma tsohon labari ne, domin da ita Kwame Nkrumah ya tsaya a Accra ya shelanta 'yancin Ghana ran 6 ga Maris 1957.

Abin takaicin shi ne da wannan matsattsiyar ake shiga fili yanzu. Saurayi ya juya iya ƙarfinsa, makaɗi na zuba masa kiɗa, riga kuwa ta manne a cinya ta ƙi tashi. Yaran maɗinka kuma abin da kasuwa ke nema suke koya, tattarar gindi mai cin ƙyalle da kwanaki tana komawa hannun dattawa. Kamata ya yi maɗinki ya riƙa tambayar mai kawo ɗinki tun kafin awo: ta ofis yake so, ko ta Damba?